Maiɗakina nas ce, tun lokacin korona ba ta dawo daidai ba, ku ba ni shawara

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan asibiti da ke cikinmu. Maiɗakina nas ce a ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman na waɗanda jikinsu ya yi tsanani, kuma a 2020 tana cikin waɗanda aka tura wurin killace masu korona a nan Kano. Korona ta wuce, kowa ya koma harkarsa, amma ita wlh har yau ba ita ce matar da na sani ba. Barcinta gutsi-gutsi ne, sai ta farka tsakar dare a firgice ta ce ta ji kukan monita, na'urar da ke lura da bugun zuciyar majinyaci, alhali firij ne ko wayar wani. Titin da ya bi ta gaban wurin da ta yi aikin ba ta yarda mu bi, gara mu yi zagaye. Abu kaɗan ta hau yara da faɗa, can kuma ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Hajiyata ta ce iska ce, a kai ta ruƙiyya, ita kuma ta ce lafiyarta ƙalau gajiya ce kawai. Ni dai na rasa ta wa zan bi.

Hajiyar Gwale: Wa alaikumus salam. Ɗana ka bi maganar mahaifiyarka. Wanda ya kwana cikin gawarwaki wata da watanni ai dole wani abu ya shafe shi. A dage da azkar safe da yamma, a riƙa sa mata Baƙara a ɗaki, in sha Allahu za ka ga sauyi. Allah ya yaye mata.

Ɗan Kurna: Allah ya ba ta lafiya amma ni fa gsky har yau ban yarda da zancen koronar nan ba. Zazzaɓi ne da zafin bazara suka kashe tsofaffi, aka maida shi hanyar cin kuɗi. Kuma ai ma'aikatan asibiti sun sha alawus a lokacin, mu da aka kulle a gida babu ko sisi mu ne ya kamata mu shiga damuwa.

Sista Mai Aikin Dare: Ɗan Kurna zan dawo kanka, bari in fara da mai tambaya. Baban Amira, ina karanta rubutunka gabana na faɗuwa domin duk abin da ka lissafa na yi shi, har da na firij ɗin. Ni ma ICU nake kuma na yi aikin killacewa a watan Afrilu da Mayu na shekarar, ka tuna azumi ne, ga zafin Kano na wannan lokacin wanda ko a tsakar gida kake sai ka nemi inuwa, to mu a haka za mu sa rigar kariya ta leda tun daga kai har ƙafa, safar hannu biyu, takunkumi, tabarau, takalmin roba, a liƙe ko'ina. Kafin ka yi minti ashirin tabarau ya yi hazo ba ka ganin jijiyar da za ka sa allura sai da lalube. In ka fito ka cire takalmin sai ka tuntsurar da shi gumi ya zubo. Ba fita banɗaki, domin in ka cire rigar ta tashi aiki kenan kuma ƙidayayyu ne. Wannan duk wahalar jiki ce, ana jure ta.

Abin da ba a jurewa shi ne na dare. Mu a al'adarmu majinyaci ba ya zama shi kaɗai, akwai mai jinya a gefensa, ɗa ko mata ko ƙani, su ne za su ba shi kunu, su juya shi, in ajali ya zo su ne za su laƙƙana masa kalmar shahada. Korona ta kori duk waɗannan ta bar nas. Akwai wani dattijo, ba zan manta da shi ba, numfashinsa na ta yin ƙasa ina kallon lambar oksijin ɗinsa tana sauka, allurar silindar oksijin ita ma tana sauka, ya yi min alama da hannu yana son ɗansa. Na sa wayata a cikin leda na kira na kara masa a kunne, ɗan yana ta Baba Baba daga can, shi kuma ba bakin amsawa. Da na ga abin ya zo na fara laƙƙana masa, amma ta cikin takunkumi da ƙarar injin ba ya jina, sai da na ɗaga murya ina faɗin shahada da ƙarfi a ɗakin da sauran marasa lafiya ke kwance suna ji suna kallo, kowa ya san me ke faruwa kuma kowa na tunanin ko shi ne na gaba. Ya cika. Na rufe masa ido, na rubuta lokaci a fayil, na wuce gado na gaba domin shi ma monitarsa na kuka. Ko minti biyar ban samu na tsaya ba.

To ka dawo gida kuma ba wanda za ka faɗa wa. Ta ƙofar baya nake shiga in yi wanka a banɗakin tsakar gida, in kwana ɗaki daban, yarona ɗan shekara biyu yana buga ƙofa yana kuka ba halin in ɗauke shi. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa gidanmu. Da aka sassauta kulle, mai adaidaita in ya gan ka da farin kaya sai ya ƙara wuta. Matarka ba gajiya ke damunta ba Baban Amira, abin da ta gani ne ba ta samu inda za ta sauke ba.

Hajiyar Gwale: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah sarki 'yar nan, Allah ya saka miki da aljanna.

Ɗan Kurna: Sista ban ce ba ku sha wahala ba. Amma kowane aiki da wahalarsa, kuma ku kuka zaɓa. Sojan da ke Sambisa fa?

Matiron Mai Ritaya: Kai yaro, sojan Sambisa shi ma yana dawowa da irin wannan ciwon, ka tambayi matan bariki. Batun alawus kuwa bari in gaya maka tunda ba ka sani ba. Lokacin da korona ta shigo Najeriya a ƙarshen Fabrairun 2020, alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, kuma ya yi shekara da shekaru a haka. Da abin ya yi ƙamari ne gwamnatin tarayya ta yi alkawarin biyan rabin besik, wato ainihin albashi, na wata uku, shi ma sai da likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a watan Yuni. Wannan ne kuɗin da ka ce an sha. Zancen zazzaɓi kuma, ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire da bakinsa ya ce an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano a wancan ɗan tsakanin, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Ka je ka tambayi masu haƙar kabari a Ɗandolo yadda suka yi a watan Afrilun nan.

Ɗan Kurna: Mama ai minista ɗan gwamnati ne, me kike so ya ce.

Baban Amira: Dan Allah Malam Ɗan Kurna a bar wannan muhawarar zuwa wani lokaci, ni matata ce a gabana. Sista na gode ƙwarai. Wlh duk wannan da kika faɗa ba ta taɓa ba ni labari ko ɗaya ba, in na tambaya sai ta ce aiki ne kawai. Ke ya kika yi kika fita?

Sista Mai Aikin Dare: Ban ce na fita gaba ɗaya ba yayana, amma na samu sauƙi sosai. Kuma dalilin da ya sa ba ta gaya maka ba na san shi. In ka faɗa a gida za a ce sai haƙuri, kowa da ajalinsa, kuma gaskiya ne amma daga nan zancen ya mutu. In ka faɗa a wurin aiki za a ce ba ka da juriya, ko a fara yi maka kallon wanda kansa ya taɓu, kuma nas ɗin da aka ce kanta ya taɓu wa zai ba ta makullin kabad ɗin magani? Sai kowa ya yi shiru. Mu huɗu muka yi shif ɗaya, sai bayan fiye da shekara a wurin wani suna muka gano ashe dukanmu ba mai barci.

Malam Na Ƙofar Mata: Bismillah. Ina so in gyara wani abu da ake yawan kuskurewa, ba don in saɓa wa Hajiya ba, domin azkar da karatun Alƙur'ani ba wanda zai ce a bari. Amma baƙin ciki da firgici ba alamar raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub alaihis salam ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan a cikin Suratu Yusuf, kuma Annabi ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Sannan ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Saboda haka a yi addu'a a kuma je asibiti, ba su cin karo. Abin da nake tsoro shi ne masu ruƙiyyar kasuwa, waɗanda za su sa mace a ɗaki ana ihu a kanta ana duka wai aljani ake kora. Wadda ƙarar firij ke firgitawa ka kai ta irin wannan wurin ai ƙara mata za ka yi.

Hajiyar Gwale: Malam ni ma ba irin waɗannan nake nufi ba. Amma asibitin mahaukata fa? Mace da 'ya'yanta a gan ta a Dawanau, gobe wa zai auri 'yarta?

Dokta A Ɓangaren Ƙwaƙwalwa: Hajiya wannan tsoron naki shi ne ya fi cutar kanta wahalar da mu. Bari in yi bayani a taƙaice. Ba zan iya cewa ga abin da ke damun maiɗakin Baban Amira ba tunda ban gan ta ba, amma alamomin da ya lissafa sun yi kama da ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Mutum ya ga mutuwa ko ya tsallake rijiya da baya, sai ƙwaƙwalwa ta ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce. Abin ya riƙa dawo masa a mafarki ko ido biyu, ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa, jikinsa kullum a ɗar-ɗar, ga saurin fushi ga rashin barci. Kusan kowa zai ji haka a makonnin farko, amma in ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwarsa to ya zama abin magani. Sau da yawa kuma yana tafe da ciwon damuwa.

Ba hauka ba ne, kuma yawanci ba a kwantar da mutum. Zuwa ake yi kilinik kamar mai hawan jini, a zauna da masani a bi abin da ya faru daki-daki cikin tsari har ya daina razana mutum, wani lokaci a haɗa da ƙwaya wadda take ɗaukar makonni kafin a ga aikinta, saboda haka kar a sha kwana biyar a ce ba ta yi ba. In Dawanau ce ba a so, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, akwai Maiduguri. Mu kaɗan ne gsky, likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, amma ana ganin mutane. Kuma tun Janairun 2023 akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma hana a nuna wa mutum bambanci saboda wannan lalurar.

Abu biyu Baban Amira. Ka lura ko tana shan wani abu don ta yi barci, domin ma'aikatan lafiya sun san sunan magani kuma hannunsu na kaiwa, da yawa daga diyazefam, ƙwayar sa barci, na dare ɗaya suke farawa. Na biyu, in ka taɓa jin ta ce gara ta mutu ko ta gaji da rayuwa, kar ka ce wasa take, kar ka bar ta ita kaɗai, ranar za ku je asibiti.

Baban Amira: Dokta na gode. Na biyun ban taɓa ji ba alhamdulillahi. Na farkon kuwa akwai wata ƙwaya da nake gani a jakarta, ban taɓa tambaya ba tunda ita ce ma'aikaciyar lafiya. To ya zan ɗauko mata zancen ba tare da ta ga kamar na ce ta haukace ba?

Sista Mai Aikin Dare: Kar ka fara da asibiti, kuma dan Allah kar ka fara da jakar. Ka samu lokacin da yara suka yi barci ka ce mata ka ji wata nas ta ba da labarin abin da suka gani a lokacin, ka tambaye ta ko ita ma haka ne, sannan ka yi shiru. Ko ta yi kuka kar ka yi saurin cewa ki yi haƙuri. In akwai wadda suka yi shif tare da ta yarda da ita ka nemo ta, mu mun fi jin maganar junanmu fiye da ta miji, ka yi haƙuri da faɗin haka.

Nas A Manchesta: Salam 'yan uwa, daga Ingila nake bibiyarku. Don kar a ɗauka talaucinmu ne kaɗai ya jawo, nan ma da suke da bentileta, wato injin numfashi, da oksijin a bango abin bai bar su ba. Ƙa'idar ICU nas ɗaya ga majinyaci ɗaya in yana kan bentileta, amma a 2020 sai da aka sassauta har ƙwararriyar nas ɗaya ta kula da mutum shida da taimakon waɗanda aka kwaso daga wasu sassan. Masana a King's College ta Landan sun tambayi ma'aikatan ICU 709 a asibitoci tara a tsakiyar shekarar, kusan rabinsu suna da alamun irin ciwon da Dokta ya faɗa ko damuwa mai tsanani ko shan giya fiye da kima, kuma nas-nas sun fi likitoci shiga ciki. A 2020 duk ranar Alhamis ƙarfe takwas na dare mutane sun riƙa fitowa ƙofar gida su tafa wa ma'aikatan lafiya, da aka zo ƙarin albashi a 2021 gwamnati ta fara da tayin kashi 1 cikin ɗari. A Disambar 2022 ƙungiyar nas-nas ta nan ta yi yajin aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba a tarihinta. Bambancin kawai nan akwai lambar da za ka kira, kuma in ka ce wa manajanka kanka ba daidai ba za a ba ka hutu ba tare da an yi da kai a ɗakin shan shayi ba.

Matiron Mai Ritaya: To ka ga inda nake so a zo. Dokta ina girmama aikinku amma ni ban yarda a mayar da abin nan na kilinik kaɗai ba. Ka yi wa yarinya kaunsilin ranar Talata, ranar Laraba ka mayar da ita aikin dare bakwai a jere ita kaɗai da gado shida, janareta ya mutu tana matsa ambubag, jakar hura wa majinyaci numfashi, da hannu tana haska fitilar waya, me ka gyara? Abin da ke cin ran nas ba mutuwar kaɗai ba ce, mun saba ganin mutuwa tun muna ɗalibai. Abin da ke cin rai shi ne ka san abin da ya kamata a yi wa mutum, ka iya shi, amma babu kayan ko babu hannun, ya mutu a gabanka, sannan ka tafi gida kana tuhumar kanka. Silinda ɗaya mutum biyu, ke za ki zaɓa, kuma ba wanda zai zo daga ofis ya ce ni na ɗauki nauyin wannan zaɓin. Na yi shekara talatin da wani abu a wod, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɗauki ma'aikata, a gyara rosta, a ba da hutun da ke rubuce a takarda, rabin masu zuwa wurinku ba za su zo ba.

Dokta A Ɓangaren Ƙwaƙwalwa: Mama ban musa ko ɗaya ba. Amma matar Baban Amira ba za ta jira a gyara rosta ba kafin ta yi barci.

Matiron Mai Ritaya: Ita ta je, na yarda. Ina magana ne a kan na bayanta. Hukumar rajistar nas-nas da ungozoma da kanta ta ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, maimakon a tambayi me ya kore su sai aka fito da doka a 2024 wai sai ka yi shekara biyu kana aiki kafin a tantance maka takardun fita. Kuma waɗanda ke tafiya su ne ƙwararrun, na ICU da tiyata, irin su wannan na Manchesta.

Nas A Manchesta: Mama kin jefe ni ina zaune lafiya 😂 Wlh ba don son sanyi na zo ba.

Ɗan Kurna: To ai kun ga maganata ta fito, ƙarshenta dai zancen kuɗi ne.

Sista Mai Aikin Dare: Na ce zan dawo kanka Ɗan Kurna. Ni ban tafi ko'ina ba, ina nan, yau ma ina da aikin dare. Kulle ya cuce ku na sani, ƙanina ɗan kasuwar Kwari ne jarinsa a lokacin ya karye, ba wanda ya ce damuwarku ba damuwa ba ce. Amma ranar da aka kawo naka ICU, Allah ya kiyaye, za ka so wadda ke lissafa masa adadin maganin da ke shiga jijiyarsa ta zama ta yi barci jiya. Kuskuren ɗigo ɗaya a wannan lissafin yana kashe mutum.

Ɗalibar Nas: Salam antis da yayye, ina shekarar ƙarshe a makarantar nas kuma dama burina in karanci ICU bayan na gama, yanzu kun sa jikina ya yi sanyi. In canza zuwa ungozoma ne?

Matiron Mai Ritaya: 'Yata in gudun tashin hankali kike yi ɗakin haihuwa ba wurin ɓuya ba ne, ki jira ranar da jini ya ɓalle wa mace ƙarfe uku na dare babu ko leda ɗaya a bankin jini. Ki yi ICU ɗinki in shi kike so, ana buƙatarku. Kafin ki karɓi aiki a ko'ina dai ki tambayi nas nawa ke kwana a kan gado nawa, kuma kwana nawa ake ba da hutu bayan aikin dare. Ki tambayi nas ɗin da ke wod ɗin, ba mai ɗaukar aikin ba.